Me ya sa wanda na toshe a rauta yake dawowa?

"Assalamu alaikum. Ina da rauta a gida, mu bakwai ke amfani da ita. Da na shiga shafinta sai na tarar da na'urori 16 a jeri, alhali da na ƙirga namu ba su wuce 10 ba. Wasu ma babu suna, lambobi ne kawai. Na toshe guda huɗu, sai talabijin ta daina kama intanet, bayan kwana biyu kuma wasu baƙin suka sake bayyana. Data tana ƙarewa da wuri. Wani ya ce in ɓoye sunan Wi-Fi ɗin. Shin kutse aka yi mini? Yaya zan bambance nawa da na baƙi, in kuma rufe abin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi uku ne ka dunƙule wuri guda: su wane ne waɗannan shidan da suka ƙaru, me ya sa toshewa ba ta hana su dawowa, sannan ina datar ke tafiya. Bari in fara da jigon maganar tun kafin bayani ya yi nisa. Rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, ba ta san mutum ba, ba ta ma san waya ba. Abin da take dubawa kafin ta buɗe wa na'ura shi ne ko an kawo mata kalmar sirri daidai. Muddin kalmar tana hannun wanda ba ka so, zai dawo, ko sau nawa ka toshe shi. Muddin kuma ba ka san na'urorin gidanka ɗaya bayan ɗaya ba, za ka ci gaba da toshe talabijin ɗinka da hannunka. A aikin da nake yi na saita wa mutane intanet a gidaje da ƙananan ofisoshi, yawancin lokutan da aka kira ni kan irin wannan ƙorafi, baƙin nan 'yan gida ne. Sauran lokutan kuwa, da wuya a ce gwanin kutse ne. Galibi wani ne da aka taɓa ba shi kalmar, ko wanda ya samu daga hannun wanda aka ba.

Abin da jerin nan yake nuna maka

Kowace na'ura mai kama Wi-Fi tana da wata lamba da ake kira adireshin MAC. Alamomi 12 ne a jere bibbiyu, alƙaluma daga 0 zuwa 9 da haruffa daga A zuwa F. A asali kamfani ne ke dasa ta, kuma shidan farko suna nuna wanda ya ƙera, domin hukumar IEEE ce ke raba wa kamfanoni waɗannan lambobin. Idan na'ura ta shigo, rauta takan ara mata wata lambar ta cikin gida, wato adireshin IP, irin su 192.168.1.23, na ɗan wani lokaci, sau da yawa awa 24. Wannan tsarin aron shi ne DHCP da kake gani a shafin. To jerin da ka duba rajista ce ta adiresoshi, ba ƙidayar mutane ba, kuma akwai dalilai da dama da ke sa adiresoshi su fi na'urori yawa.

Na farko, wasu rautocin suna nuna duk wanda aron lambarsa bai ƙare ba, ko da ya bar gidan tun jiya. Baƙon da ya kwana biyu ya tafi yana iya nan a jeri. Na biyu, na'ura ɗaya tana iya zama da adireshi biyu: laftof ko talabijin mai ramin kebul da kuma Wi-Fi, kowanne da nasa. Sai kuma abubuwan da mutum kan manta da su in yana ƙirga: firinta, dikoda, agogon hannu na zamani, kyamarar tsaro, ƙwan lantarki mai haɗuwa da waya, na'urar ƙara zangon Wi-Fi. Sunan da ke fitowa ma yakan rikita mutum, domin sau da yawa sunan kamfanin da ya ƙera ɗan katin Wi-Fi na ciki ne yake fitowa, ba wanda aka rubuta a jikin kayan ba. Laftof na iya fitowa da sunan Intel, ƙwan lantarki ko soket na zamani ya fito da sunan Espressif, mai gida kuwa bai taɓa sayen wani abu mai wannan suna ba. Ina kyautata zaton ta haka talabijin ɗinka ta faɗa cikin huɗun da ka toshe.

Amma babban dalilin a yau shi ne wayoyin da kansu. Tun daga Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, wayoyi sun daina nuna ainihin adireshin MAC ɗinsu idan za su hau Wi-Fi. Suna ƙirƙiro wani na bogi ga kowane sunan Wi-Fi, don kada a riƙa bin sawun mutum daga wannan wuri zuwa wancan. Abu ne mai kyau ga sirrin mai waya, sai dai yana hargitsa wa mai rauta lissafi. In rautarka tana da suna biyu, ɗaya na zangon 2.4 ɗaya na zangon 5, wato mitocin rediyo biyu da Wi-Fi ke tafiya a kai, waya ɗaya za ta fito sau biyu da adireshi daban-daban. Kuma tunda adireshin ƙirƙirarre ne, rauta ba ta iya gano kamfanin, shi ya sa kake ganin lambobi tsirara babu suna. Akwai wata dabara da nake yawan amfani da ita: dubi alama ta biyu a adireshin. In 2 ce, ko 6, ko A, ko E, to ƙirƙirarre ne, kuma mafi yawa waya ce ko laftof. Wannan bai gaya maka ko ta gida ce ko ta waje ba, amma ya cire maka fargabar cewa rashin suna alamar ɓarawo ce.

Dalilin da toshewa ba ta riƙewa

Idan ka danna toshe, abin da ka gaya wa rauta shi ne kada ta karɓi wannan adireshin. Kamar ka ce wa mai gadi kada ya bar mai jar hula ya shigo ne: mutumin ya koma ya sauya hula, ya zo da makullin da yake riƙe da shi tun farko, ya wuce. Wanda aka toshe ba ya buƙatar wani ilimi. Ya shiga saitin Wi-Fi na wayarsa ya kashe adireshin bogin, sai wayar ta fito da na ainihi, rauta ta ɗauke ta sabuwar na'ura. A laftof kuwa ana iya rubuta duk adireshin da aka ga dama.

Akwai kishiyar wannan, wato ka rubuta adiresoshin da ka yarda da su kawai, a hana duk sauran. A shafin rauta yawanci yana ƙarƙashin "MAC Filter" ko "Access Control". Ya fi toshe ɗaiɗaiku ƙarfi, kuma yana iya tsayar da maƙwabcin da kalmar sirri kawai ya samu. Amma adireshin MAC yana yawo a iska a buɗe, ko da Wi-Fi ɗin a kulle yake, don haka wanda ya san kan abin zai kwafi na wayarka ya shigo da shi. Ga kuma wahalar da yake jawo wa mai gida duk lokacin da aka yi sabuwar waya. Ni inda na fi ganin amfaninsa shi ne wajen tsara wa yara lokacin hawa intanet, domin in ba a haɗa da shi ba, yaro mai wayo yakan sauya adireshi ya tsallake jadawalin da aka sa masa.

Shawarar ɓoye suna kuma, ka bar ta. Sunan yana fita fili duk lokacin da wata na'urarka ta zo haɗuwa, kuma manhajojin da ke nuno shi kyauta ne. Ƙari a kan haka, wayarka ce za ta koma kiran sunan Wi-Fi ɗin gidanka duk inda ka je tana neman sa, wasu ƙananan na'urori kuma sukan ƙi haɗuwa da ɓoyayyen suna.

Ta ina kalmar sirri ke fita

Hanya mafi yawa ita ce baki. An ba ɗan'uwa, ya ba abokinsa, abokin ya ba wani. Yanzu ma ba sai an furta ba: wayoyin Android na zamani suna nuna lambar QR ta duk Wi-Fi ɗin da suke kai, wani ya ɗauka da kyamara ya hau nan take, iPhone kuma tana tura kalmar ga wata iPhone da ke kusa in masu su sun adana bayanan asusun Apple na juna a wayoyinsu. Ko da kai ka karɓi wayar mutum ka rubuta masa da hannunka don kada ya gani, bai hana shi rabawa ba. Akwai kuma manhajojin da ake tallatawa da sunan samun Wi-Fi kyauta, waɗanda aikinsu shi ne tattara kalmomin sirri daga wayoyin masu amfani da su a raba wa wasu. In ɗaya daga cikin mutanen gidan ya sa irin wannan a wayarsa, za ka canza kalma yau ta sake fita gobe. Ka duba wannan da kyau kafin ka canza komai. Kada ka manta da sitikar da ke ƙasan rautar: in har yanzu kalmar da ke jikinta kake amfani da ita, duk wanda ya taɓa zama kusa da ita yana iya ɗaukar hoto.

Hanya ta biyu ita ce cinke, kuma a nan ne tsawon kalma yake aiki. A WPA2, wato ɗaya daga cikin tsarukan kulle Wi-Fi da za mu gani a gaba, lokacin da waya ke haɗuwa da rauta sukan yi musayar saƙonni huɗu don tabbatar wa juna cewa kowa ya san kalmar. Kalmar ba ta fita a cikin saƙonnin, amma wanda ya naɗe su zai iya tafiya da su ya riƙa gwada kalmomi a kwamfutarsa, ba tare da rautarka ta sani ba, balle ta hana shi. Kwamfuta mai katin hoto irin na wasanni tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Kalma mai alƙaluma 8 zalla tana da yiwuwa miliyan 100 ne kacal, wanda aikin mintoci ne. Shi ya sa ranar haihuwa da lambar waya da sunan ɗa haɗe da shekara duk ba su da amfani a nan. Tsarin ya yarda da alamomi daga 8 har zuwa 63. Abin da nake ba mutane shawara shi ne kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a gauraya su da alƙaluma, tsawon ya kai 16 ko fiye. Kada ta zama karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani. Sau ɗaya ake rubuta ta a kowace na'ura, don haka tsawon ba zai dame ka ba. Ka sauya sunan Wi-Fi ɗin ma daga wanda ya zo da shi, domin na kamfani yana tona irin rautar da kake da ita, kuma sunan yana shiga cikin lissafin da ake haɗa makullin da shi. Sai dai kada ka sa sunanka ko lambar gidanka.

Hanya ta uku ita ce WPS, kuma ina so ka kashe shi yau. An fito da shi a 2006 don sauƙaƙa haɗa na'ura ba tare da rubuta doguwar kalma ba, ta hanyar danna maɓalli ko shigar da lambar PIN mai alƙaluma 8. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba rabin lambar na farko daban, na biyu daban, alƙalami na ƙarshe kuma lissafi ne kawai daga sauran bakwai. Maimakon gwaji miliyoyi, sai abin ya dawo 10,000 da 1,000, wato 11,000 a mafi yawa. Da zarar an ci PIN ɗin, rauta da kanta take miƙa kalmar sirrin, komai tsawonta, kuma in ka canza kalmar ba ka kashe WPS ba, sabuwar ma za ta miƙa. Sababbin rautoci suna kulle gwaji bayan an yi kuskure 'yan lokuta, amma ban ga dalilin barin sa a kunne ba.

Wane tsarin kulle za ka zaɓa

A shafin tsaron Wi-Fi za ka ga zaɓi na WEP, WPA, WPA2 da WPA3. WEP shi ne na farko, tun 2001 masana suka nuna raunin sa, yau ana fasa shi cikin mintoci ko da kalmar ta yi tsawo. WPA na 2003 faci ne aka yi kafin a gama na gaske, yana amfani da wata hanyar kulle bayanai mai suna TKIP, shi ma an yi ritayarsa. WPA2 ya zo a 2004 da hanyar kulle bayanai ta AES, kuma har gobe yana da ƙarfi in kalmar doguwa ce. WPA3 na 2018 ya sauya yadda ake musayar farko, ta yadda naɗe saƙonni a tafi da su gida a yi ta cinke ba ya aiki. Dole mai gwaji ya tunkari rautar a kowane gwaji. Ya kuma wajabta kariya daga saƙonnin bogi da ake aikawa don a tsinke wa mutum haɗi da gangan.

In duk na'urorinka suna ɗaukar WPA3, zaɓe shi. A yawancin gidaje akwai tsohuwar firinta ko kyamara da ba ta san shi ba, sai a zaɓi gaurayen WPA2 da WPA3. Ka dai sani cewa a gauraye, ƙofar WPA2 tana nan a buɗe ga mai cinke, don haka doguwar kalma ba ta faɗi ba. In rautar ba ta da WPA3 sam, WPA2 da AES zalla ya wadatar, ban da wanda aka haɗa da TKIP. Wataƙila ka taɓa jin an ce an fasa WPA2 a 2017. Wannan shi ne KRACK, wanda Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano. Bai tona kalmar sirri ba, kuma an toshe shi ta hanyar sabunta manhajar wayoyi da kwamfutoci. Abin da ya koyar shi ne a riƙa sabuntawa.

Ɗaya kalmar da ake mantawa da ita

Rauta tana da kalmomin sirri biyu. Ɗaya ta hawa Wi-Fi, ɗaya ta shiga shafin saiti, wanda ake buɗewa ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, gwargwadon irin rautar. Ta biyun ta fi ta farko haɗari, amma ita aka fi bari yadda ta zo, sau da yawa "admin" sama "admin" ƙasa. Duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka zai iya buɗe wannan shafin. In ya shiga, zai cire kansa daga jerin waɗanda ka toshe, ya kunna WPS, har ya toshe ka kai mai gida. Mafi muni, zai iya sauya saitin DNS, wato wurin da rauta ke tambayar hanyar kowane shafin intanet, a riƙa karkatar da mutanen gidan zuwa shafukan bogi. Idan baƙinka na gaske ne kuma suna dawowa da ainihin adireshin da ka toshe, nan ne wuri na farko da zan zarga.

Wannan sakaci ya taɓa girgiza intanet. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo tana gwada jerin sunaye da kalmomin sirri na kamfani, kimanin 60 kacal, a kan kyamarori da rautoci. Da na'urorin da ta kama aka kai wa kamfanin Dyn, mai kula da DNS na manyan shafuka, hari a watan Oktoba na shekarar, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka. Masu na'urorin ba su san ana aiki da kayansu ba. A 2018 kuma masu binciken Cisco suka bayyana VPNFilter, wadda ta kama aƙalla na'urori 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta nemi jama'a su kashe rautocinsu su sake kunnawa. Abin ya kai ga Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka da aka raba wa kowa iri ɗaya.

Don haka ka sa wa shafin saiti kalma tasa daban, wadda ba ta Wi-Fi ba, kuma kai kaɗai ko ku biyu ku san ta. Ka nemi inda aka rubuta "Remote Management" ka kashe, domin shi ke ba da damar buɗe shafin daga wajen gida. UPnP kuma yana barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta hanya zuwa waje ba tare da ta tambaye ka ba. Ni nakan kashe shi, sai in na'urar wasan yara ta ƙi yin wasa da mutanen waje sannan in duba. Sannan ka sabunta manhajar cikin rautar, in akwai zaɓin ta riƙa yi da kanta ka kunna. Kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, domin hakan na iya kashe rautar.

Yadda nake tsara gida

Kusan duk rautar zamani tana da abin da ake rubutawa "Guest Network", wato layin baƙi. Suna ne na biyu da kalma ta biyu, wanda ke ba da intanet amma ya hana ganin sauran na'urorin gidan da shafin saiti, in an kunna wannan kariyar. A ganina shi ne ya fi komai warware matsala irin taka, domin ba fasaha ce tushen ta ba, zumunci ne. Ba za ka hana ɗan'uwa ko maƙwabci Wi-Fi in ya roƙa ba, ni ma ba zan ce ka hana ba. Ba shi kalmar layin baƙi. Ita za ka riƙa canzawa duk lokacin da ka ga ta yaɗu, ba tare da ka bi talabijin da firinta da wayoyin gida kana sake saita su ba. Rautoci da yawa suna bari a ƙayyade wa layin baƙi gudu. Ƙananan na'urori irin su kyamara da ƙwan lantarki ma can nake tura su, saboda su ne ba a cika sabunta manhajarsu ba. Abin lura ɗaya: firinta da talabijin da kake tura wa bidiyo daga waya suna buƙatar zama a layi ɗaya da wayar.

Ga yadda zan bi in ni ne a gidanka. Zan haɗa laftof da rautar ta kebul in da hali, don kada canjin ya yanke ni a tsakiya. In fara da kalmar shafin saiti, in sabunta manhaja, in kashe WPS da shiga daga waje, in duba cewa ba a taɓa DNS ba. Sai in goge jerin waɗanda aka toshe gaba ɗaya, talabijin ta samu ta dawo. Daga nan in sauya suna da kalmar Wi-Fi. A wannan lokacin kowa ya faɗi, na gida da na waje, jerin ya zama fanko. Sai in riƙa mayar da na'urori ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta bayyana in sa mata suna a shafin nan take: wayar wance, laftof ɗin wane, talabijin ɗin falo. Wannan ita ce amsar tambayarka ta yadda za ka bambance naka da na baƙi, kuma ta fi bin adiresoshi kana cinke sauƙi nesa ba kusa ba. Bayan haka duk abin da ya fito babu suna, ka san sabo ne, ka kuma san cewa ta hannun ɗan gida kalmar ta fita.

In ka tarar kalmar shafin saiti ba ta buɗewa, ko ka ga saitin da ba kai ka yi ba, mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani ta hanyar danne ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta na kimanin daƙiƙa 10. Amma in kamfanin da ke ba ka intanet ne ya kawo ta, tuntuɓe su tukuna, domin akwai saitin haɗi da zai goge, wasu kamfanonin kuma su ke riƙe da ikon sabunta ta. Wannan maɓallin yana tuna mana cewa duk wanda hannunsa ya kai ga rautar zai iya rushe duk abin da ka tsara, don haka inda aka ajiye ta ma yana cikin tsaro.

Maganar data

Kada ka yi mamaki in ka gama duk wannan datar ta ci gaba da gudu. Waya tana ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin mara iyaka, don haka duk abin da ta jinkirta lokacin tana kan datar layi, sabunta manhajoji da tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, sai ta hau Wi-Fi take yin sa, galibi da dare tana caji. Windows ma haka. Talabijin kuwa ita ce babbar mai ci: a lissafin Netflix, bidiyo mai tsabta yana iya cin gigabait 3 a awa guda, na 4K har 7. Kyamarar tsaro da ke tura hoto waje dare da rana ma tana ci a hankali. Rautoci da yawa suna nuna abin da kowace na'ura ta ci, kuma wannan shafin sai ka sa wa na'urori suna zai yi maka amfani. A Android da Windows akwai zaɓin "Metered" a saitin Wi-Fi, a iPhone kuma "Low Data Mode", waɗanda ke gaya wa na'ura cewa datar ƙirgaggiya ce ta rage ci. Ka rage tsabtar bidiyo a talabijin, za ka ga bambanci cikin mako guda.

Iyakar abin da wannan zai yi maka

Daga nesa ba a yanke hukuncin cewa an yi kutse ko ba a yi ba. Jerin da zai fito bayan ka canza kalma shi zai nuna. Sunayen wuraren saiti ma sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wasu ƙananan rautoci masu ɗaukar layin waya ba su da layin baƙi ko WPA3, sai ka yi da abin da ke akwai. Game da fargabar ko wanda ya hau yana karanta saƙonninka, yawancin shafuka da manhajoji yau suna kulle bayanansu da kansu tun daga waya har inda za su je, don haka abin da ya fi iya gani shi ne sunayen wuraren da ake ziyarta, da kuma na'urorin gida da aka bari a buɗe irin su kyamara da firinta. Tsaron rauta kuma ba ya hana ɗan gida danna mahaɗin damfara ko sauke muguwar manhaja. Wannan gyaran a kan wayar ake yin sa.

Akwai kuma inda saiti ba ya kaiwa. Kamfanoni sukan daina fitar wa rauta sabuntawa bayan wasu shekaru, duk raunin da aka gano daga baya kuma haka zai zauna a buɗe. Duba lambar samfurin da ke kan sitika ka nema a shafin kamfanin. In sun sanar cewa sun daina kula da ita, ko ka ga iyakar abin da take da shi WEP ne da WPA na farko, ko ba ta bari a kashe WPS, to canza ta za ka yi, ka nemi mai WPA3 da layin baƙi da sabuntawa da kanta.